Madam Ɗaya da Kwata

Mijin Yayata yana jin kumfar iska guda ɗaya a cikin mai, ta bayan ƙarfe, da kunnensa kawai. Ba ƙari na yi ba, na sha gani da idona. Amma matarsa ta rame a gabansa har zobe ya zame daga yatsarta ya yi ta gangara a ƙasan shago, bai ga komai ba. Shi ya sa in ana yabonsa a gabana nake cewa a yi a hankali, ni ma ina da nawa labarin.

Mai Shoka ake ce masa. Shagonsa da nawa bango ɗaya ya raba, ni ina ɗinki, shi yana gyaran kekunan hawan dutse, kuma ba duka keken ba, gaba kawai. In tayarka ce ta fashe ka ƙara gaba, in sarƙa ce ta tsinke Allah ya kiyaye na gaba. Shi aikinsa shoka, ƙafafun nan biyu da ke riƙe tayar gaba suna shiga suna fita. Dole na iya bayaninsu, don bangon ba kauri gare shi ba, shekara da shekaru ina jin karatun ana maimaita wa kowa. A ƙafar hagu iska ce, ita ke ɗaukar nauyin mahayi. A ta dama akwai damfa, wani siririn bututu cike da mai, da wasu 'yan washa sirara kamar ɓawon albasa jere a ciki. In taya ta daki dutse, man ya matsu ya bi ta tsakaninsu a hankali, sai keken ya lotsa ya dawo cikin natsuwa maimakon ya yi tsalle ya zubar da kai. "Iska yarinya ce mai rawar kai," in ji shi, "damfa ce uwarta."

Da facin taya ya fara yana saurayi, a hannun wani tsoho. Ran da aka fara kawo musu keke mai shoka, tsohon ya ce shi ba ya taɓa abin da bai san asalinsa ba, shi kuwa ya kwance. Mai ya yi tsartuwa ya wanke masa fuska, ya tsaya yana dariya shi kaɗai kamar wanda aka yi wa albishir. Daga ranar bai sake kallon taya da mutunci ba. Yana da famfo biyu masu agogon auna iska. Wata rana ya gwada su a shoka ɗaya, kowanne ya faɗi nasa daban, sai ya rataye su a ƙusa guda ya ce su zauna nan har su shirya tsakaninsu. Suna nan har yau. Na ukun da yake aiki da shi kuwa ya liƙe fuskar agogonsa da baƙin salatif don kada ya sa masa baki.

To in ba agogo da me zai auna? Da Yayata mana. Ruwan sama ne ya koro ta cikin shagonsa tana budurwa, ba kujera, ta ɗare kan wani keke da ke jingine. A jikin ƙafar shoka akwai ɗan zoben roba da ke nuna iya inda ta lotsa in an hau. Ƙa'idar aikin ita ce in mutum ya zauna ta lotsa kwatan tsawonta, ba ƙari ba ragi. Yaya ta zauna, zoben ya tsaya a kwata cif. Ya ɗauki ƙusa ya karce wurin, sannan ya tambaye ta gidansu. Babanmu har ya rasu yana ba da labarin nan: an tambayi yaro me ya gani a jikin 'yar mutane, ya ce bai taɓa ganin macen da ta zauna daidai haka ba. Waccan shokar tsohuwar yayi ce, sifirin ne a cikinta, murɗaɗɗen ƙarfen nan mai lotsawa ya dawo, ba iska ba. Ya roƙi mai keken ya bar masa ita, ya rataye ta a bango saman teburin aiki, da karcen ƙusar a jikinta.

Tun daga nan Yaya ta zama ma'aunin shago, masu kekuna suka sa mata suna Madam. Duk shokar da ya gyara sai ya ɗaura ta a wani tsohon keke na gwaji, Madam ta hau, ya yi ta ƙara iska yana ragewa har zobe ya tsaya a kwata. Sannan ta gangara daga dakalin ƙofa zuwa titi, shi yana tsugune a gefe, kunne kusa da damfa, ido a kan zobe. In ya ji "cuwit", iska ta shiga mai. In ya ji "ƙwas", washa ta lanƙwashe ko noti ya saki. In kuwa ya ji wani ɗan huci mai laushi kamar na jariri mai barci, to aiki ya yi.

Mai keken ma yana da nasa awon. A bayan shago akwai dogon katako a kan guntun bututu. Madam ta zauna a wannan kai, baƙo ya yi ta matsawa a wancan har katakon ya daidaita, sai a duba zanen da ke ƙarƙashinsa. Mai Kemis na kan kwana Madam ɗaya da kwata ne. Wani direban tanka Madam biyu saura kaɗan. Kowane kwata da bugun famfon da ake ƙarawa a kan na Madam. Sau ɗaya ake auna mutum a rayuwa, Mai Shoka ya riƙe a ka. Ko shekara goma ka yi ba ka zo ba, yana hango ka zai ce, "A'a, ɗaya da rabi, ashe kana duniya?"

Kada ku ce wahala Yaya take sha. Tana son abarta. Da kwalliyarta take zuwa, manyan mutane da motoci suna tsaye suna jira ta gama shan shayi. Ba ta taɓa hawa dutsen da ke bayan gari ba, iyakarta dakali, amma duk wanda ya gangaro daga can da haƙoransa a cike, da nauyinta ya gangaro, kuma ta sani. Sau biyu aikin ya tsaya, lokacin da take da cikin yaransu. Ita ta gaya masa da bakinta, shi kuma ya ce wa kowa a yi haƙuri ma'auni ya tafi hutu. Bayan ta haihu sai ya riƙa sauko da tsohuwar shokar daga bango yana gwada ta, har ran da zobe ya koma kan karce, a ci gaba da aiki. Yaran sun girma sun bar gida, tsohuwar ba ta sake saukowa ba.

Ni na fara gani, don ni ma da awo nake ci. Na zagaya tef a ƙugunta zan yi mata riga, na ga ya wuce inda na saba kama shi. Ban zargi tef ɗin ba, ni ba mahaukaciya ba ce. Da na sake aunawa bayan wani lokaci sai na ga ramar ta ƙaru. Na ja ta zuwa asibitin unguwa tana tirjewa. Likitar ta danna nan ta danna can, aka yi hoto, ta ce akwai ƙari a cikinta, a je babban asibiti a cire, kuma kada a yi wasa da lokaci don irin wannan ba ya jiran kowa.

Muna fitowa Yaya ta ce, "Ba inda za ni."

"Kamar yaya ba inda za ki?"

"Sai ya gani da kansa."

"Wa?"

"Wa kike tsammani? Auta, kusan shekara talatin kullum ina zama a gaban mutumin nan. Tsakanin idonsa da fuskata bai kai tsawon hannu ba. In bai ga na ragu ba, to me za a je a ceto a kawo masa?"

Na yi masifa a tsakiyar titi har mai sayar da jarida ya leƙo. Na ce, "Yaya, kin haukace? Mutumin da ya aure ki saboda zoben roba shi kike jira ya ga rama? Wallahi sai ki mutu a kan keken nan ya ce iska ce ta yi yawa!" Ba ta ko ɗaga murya ba. Ta ce in na gaya masa, ko na sa wani ya gaya masa, ko na kira yaran, ba za ta taka asibitin ba ko a kwance aka ɗauke ta, kuma ba ta yafe mini ba. Na san Yayata. Taurin kai a gidanmu gado ne, ni ma na samu rabona, amma ita ta kwashi na babba. Ina kuka na rantse mata.

Ba a jima ba kekuna suka fara dawowa. Abin a fili yake ga duk mai hankali. Madam ba nauyi, shi kuwa sai ya yi ta rage iska har zobe ya kai kwata, ya miƙa wa ƙato keken da aka saita a kan mara lafiya. Mutum ya kama birki gaban ya nutse, ya daki dutse shoka ta buga ƙasa gwaram. Mai Shoka ya ce ruwa ba ya tsami banza, damfa ce. Ya zubar da mai ya zuba sabo, suka dawo. Ya ce man ya tsinke, ya sa mai kauri, suka dawo, yanzu ma in shokar ta lotsa sai ta yi shawara kafin ta taso. Ya kwance washa ya jera su a kan farin ƙyalle, ya duba kowace a hasken taga, ya ƙara biyu. Ya canja robobin da ke tare mai. Ya yi ta zuƙo iska da sirinji yana ɗan ƙwanƙwasa bututun da ƙotar sukudireba, yana lallashi, "Fito mana, 'yar albarka, na san kina ciki." Ni ina wannan gefen bango ina taka keken ɗinki kamar zan karya shi.

Ya zargi mai sayar masa da mai. Ya zargi zafin rana. Har dutsen bai tsira ba, ya ce bana duwatsu sun ƙara tsini. Mutum ɗaya ne a duniya bai zarga ba, ga ta zaune a gabansa tana haki bayan kowace gangara daga dakali.

Ni dai na rantse ba zan faɗa ba, ban rantse ba zan nuna ba. Na kwaso rigunanta na shigo shagonsa, na ce hasken nawa ba kyau. Na tsayar da ita a tsakiya ina kama gefe da gefe da fil, ina ɗaga murya yadda kurma ma zai ji: "Kai, Yaya, wannan sai an rage yatsa huɗu! Wannan ma! Oh ni, duk sun yi miki yawa!" Sai ya ɗago kai. Na ce a raina yau kam ya gani. Ya ce, "Rediyo, in kin yanke ki ajiye mini ƙyallayen, masu laushi ne, za su yi gogar bututu." Rediyo yake ce mini tun ina 'yar makaranta, wai ba a kashe ni sai batir ya ƙare. A ranar, da a ce almakashi ne a hannuna ba fil ba, da labarin ya canja.

Sai ranar zobe. Tana riƙe da kan keke zoben azurfarta ya zame, ya yi ƙara a siminti, ya gangara ƙarƙashin tebur. Ya rarrafa ya ɗauko, ya kama hannunta. Ina tsaye a bakin ƙofa, na ga Yaya ta zuba masa ido. Ya saka mata, ya tura shi gaba ya dawo da shi baya, ya ce, "Ya yi sako-sako." Ta ce, "Ya yi." Ya buɗe akwatin robobinsa, ya zaɓo ɗan ƙaramin zoben roba, ya tura a yatsar ya tare na azurfar. "Shi ke nan, ba zai sake fita ba. Azurfa in ta tsufa buɗewa take yi." Yaya ta ce ta gode. Ta shigo shagona ta zauna a bayan labule tana dariya hawaye na zuba, ni ko dariyar ban samu ba.

Abin da ya ƙara rikita shi, sababbin zuwa ba sa dawowa da kuka. Su da Madam ta yau ake auna su a katako, sai lissafin ya fita daidai. Amma katakon ya fara faɗin abin mamaki. Wani ɗan jami'a ya zo, siriri, iska mai ƙarfi sai ta kai shi maƙwabta, ya fito Madam ɗaya da rabi. Mai Shoka ya zagaya shi, ya sa ya zazzage aljihu, ya sa ya cire takalmi, bai canja ba. Sai ya zaunar da shi nasiha: "Ɗana, ka rage ci. Ƙibar ciki ce da kai, wadda ba a gani, ita ce mai kisa." Bawan Allah ya fita yana shafa haƙarƙarinsa. Wata malamar makaranta 'yar mitsitsiya ita ma aka ce mata ta fara gudu da safe. Daga nan Mai Shoka ya yanke hukunci, ya kuma sanar da duk layin, cewa mutanen duniya sun ƙara nauyi a ɓoye.

Ana cikin haka wata safiya Mai Kemis ya shigo yana tura keke, ganye a gashin kansa, goshi a kumbure. Ya kama birki a gangara, gaban ya nutse, shi kuwa ya wuce ta saman kan keken ya sauka cikin shingen wani gida. Mai Shoka bai ko ce masa sannu ba, ya ja shi bayan shago ya ɗora a katako. Madam biyu saura kwata.

"Ka ga matsalar," in ji Mai Shoka, fuskarsa fal murna. "Ba damfa ba ce, ba mai ba ne. Kai ne! Rabin Madam ka ƙara ba ka gaya mini ba."

"Ni? Ina da sikeli a kantina, kullum sai na hau. Ragewa ma na yi."

"Sikelin naka mai agogo ne?"

"Mai agogo ne."

"To."

Ina jin haka na hango inda aka dosa. In ya sake auna kowa a katako, duk kekunan za su gyaru, ya huta, ya ci gaba da kallon zobensa har ranar da ba mai hawa keken gwaji. Na kalli Yaya a kan katakon, ita ma ta gane, ta sunkuyar da kai tana gyara robar da ke yatsarta. Na ajiye ɗinkin da ke hannuna na ce, "Mijin Yaya, duk duniya ta ƙara nauyi, sai matarka kaɗai aka bari?"

Ya dube ni kamar na zagi iyayensa. "Rediyo, ki iya bakinki. Roba tana tsagewa, mai yana mutuwa, ƙarfe yana gajiya. A duk abin da ke shagon nan ita kaɗai ce ba ta taɓa ba ni matsala ba. Ita ba ta canjawa."

Da alfahari ya faɗa, har da buga ƙirji. Na ce, "To ga tsohuwa can a bango. Sauko da ita ka nuna wa Mai Kemis, ya daina yi maka gardama da sikelinsa." Yaya ta watso mini harara. Na ce mata da ido ban faɗa ba, ki je ki tambayi duk malamin da kike so.

Ya hau tebur ya sauko da ita, ya goge ta da ƙyallen rigar Yaya, ya ɗaura a keken gwaji yana 'yar waƙa. Sai da na riƙe Yaya kafin ta iya hawa, shi yana tsugune yana tura zoben ƙasa. Ta zauna. Zoben ya motsa, ya tsaya can nesa da karcen.

"Zauna sosai."

"Na zauna."

"Ɗauke ƙafarki daga ƙasa."

"Na ɗauke, Malam."

Ya sa ta sauka. Ya ɗiga mai a ƙafar shokar, ya danna ta da ƙirjinsa ta lotsa ta dawo lafiya lau. Ta sake hawa. Nan dai zoben ya tsaya. Ya ce sifirin ne ya ƙage, ya miƙa hannu ya ɗauko sifana ya ɗora a kan murfin zai kwance. Wallahi na buɗe baki zan karya rantsuwa, ko me zai faru ya faru. Amma bai murɗa ba. Sai ya ce a hankali, ba da kowa yake ba, "Sifirin in ya tsufa laushi yake yi. Ba ya ƙara ƙarfi."

Mai Kemis ya cire ganyen da ke kansa yana juya shi a hannu. Kuna tsammani a nan Mai Shoka ya ɗaga kai? Ina! Tashi ya yi ya ɗauko bokitin da yake tsiyaye tsohon mai, ya goge, ya ɗora mata a cinya ya ce ta riƙe. Ya jawo akwatin tarkace ya koma ya tsuguna. Ya jefa noti, zobe bai ji ba. Ya jefa guntun bututu. Ya jefa tsohon sifirin, ya ƙara wani, ya ƙara matacciyar damfa, ya ƙara tafi guda na kusoshi. Zoben yana matsawa kaɗan kaɗan, ƙarafa suna ƙara a cikin bokiti. Sai da ya kusa cika baki zoben ya taɓa karcen ƙusar.

Ya miƙe ya ɗauke bokitin daga cinyarta. Da hannu ɗaya ya fara, sai ya sa na biyu. A nan ne, da nauyin a hannunsa, ya kalle ta. Ya kalli wuyanta, ya kalli ramin da ke ƙasan idonta, ya kalli tsintsiyar hannunta, ya kalli robar da shi da kansa ya saka mata a yatsa.

"Wannan duk ke ce?"

"Ni ce."

"Tun yaushe?"

"Tun kafin ka canja man farko."

Ya zauna daɓas a ƙasa ya rungume bokitin, ya fashe da wani irin kuka da ban taɓa jin namiji ya yi ba, yana cewa, "Ina ya tafi? Ina nake?" Na tsane shi wata da watanni, amma a lokacin tausayinsa ya kama ni har na rasa inda zan sa kaina. Yaya ta bar shi ya yi mai isarsa. Sannan ta ce, "Auta, takardar likitar tana ƙasan jakata. Ki nemo mana mota."

Da bokitin ya tafi asibiti. Mai karɓar marasa lafiya ta tambayi abin da ke damunta, ya ɗora shi a kan teburinta ya ce, "Wannan ne ya ɓace." Ta sa aka fitar masa da shi waje, ya zauna kusa da shi a baranda kamar mai jiran ɗan'uwa. Da aka ɗora Yaya a sikeli mai agogo ya buɗe baki zai yi magana, na take masa ƙafa da dugadugina. Likitan da ya yi aikin ya ce da mun zo da wuri da abin ya fi sauƙi, amma an cire, saura magani da haƙuri. Na ji tsoro a kwanakin nan irin wanda ban taɓa ji ba, kuma na ji haushin su biyun daidai wa daida, don garin neman gira saura ƙiris a rasa ido.

Ta dawo gida. Katakon bayan shago ya zama benci, ya ɓare salatif ɗin da ke fuskar famfo, yana aiki da agogo yana tsaki. Yanzu mutum ɗaya ake aunawa a shagon. Kowace safiya Yaya ta hau tsohuwar, bokiti a cinya, in zobe ya wuce karce sai a cire ƙarfe ɗaya. Kafin ya dubi zoben sai ya tsura mata ido, ya leƙa ta nan ya leƙa ta can, har ta ce, "Malam, ka ishe ni da kallo, ba ka da aiki ne?" Da farko abin ya tafi, aka cire kusoshi, aka cire sifirin guda. Sai ya tsaya cak. Maganin ya hana ta cin abinci, zobe ya ƙi motsi, shi ma ya daina ci. A kai masa kwano ya buɗe ya rufe, har wandonsa ya fara zamewa, na ce to, ana kukan targaɗe ga karaya.

Wata safiya ina tsaye na ga Yaya ta wuce ta gefen teburin aiki, ta zare sifana ta zura a aljihun rigar sanyinta. Ta hau. Zobe ya wuce karce da ɗan kaɗan. Mai Shoka ya yi ihu, ya cire noti guda ya ɗaga sama ya nuna wa duk mai wucewa, ranar ya cinye kwanonsa tas. Ita ma da ta ga yana ci ta sa hannu. Haka aka yi ta yi, wata rana sifana, wata rana sifana da filaya. Na kama bakina, wannan karon ba wanda ya sa ni rantsuwa.

Jiya ya shigo shagona, abin da ba ya yi. Ya leƙa ya tabbatar ba ta kusa, ya rage murya.

"Rediyo, ki gaya wa Yayarki ta riƙa ɗaukar babbar sifanar nan ta ƙasan tebur. 'Yar ƙaramar da take sawa a aljihu ina aiki da ita kullum, kuma ba wani nauyi gare ta ba."

Na saki baki. "Ashe ka gani?"

"Aljihun hagu. Tun ranar farko. Kafaɗarta ma karkacewa take yi ta wajen."

"To don me kake cire noti kana ihu?"

Ya sa hannu a aljihunsa ya fito da su, duk notin da ya cire tun ranar, ya nuna mini ya mayar. Ya ce, "In na cire, tana cin abinci."

Bokitin yana nan, ko rabin abin da ke ciki ba a cire ba. Da safen nan na kai mata babbar sifanar ban ce mata komai ba, na kuma karɓi rigar sanyin na ƙara wa aljihun zurfi, don in ba haka ba kanta zai leƙo waje.